Sanarwar da Na Haɗiye a Anbariyya

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Madina, har sunan kafilina na farko, wanda ya tsaya mini a takardun zama, sai na yi tunani kafin ya zo mini. Amma yammacin da wani tsoho ya tambaye ni abin da rediyo ta ce, na dube shi na yi masa ƙarya, wannan kam da shi za a sa ni a kabari.

A lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Anbariyya, ban daɗe da zuwa daga Nijar ba. Abin da ya ba ni girma a cikin mutanenmu ba allura ba ce, Faransanci ne. Na yi shekara shida a lakwal, wato makarantar boko, kuma ina da wata rediyo mai dogon ƙarfe da ke kamo tashar gwamnatin ƙasarmu tsakanin Magariba da Isha'i, in Allah ya so. Arewacin ƙasarmu fili ne mai faɗi, wasiƙa kan yi wata biyu a hanya ko ta ɓace, don haka duk wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa sai ya kai takarda bariki a aika gidan rediyo. Da Faransanci ake karanta sanarwar a wannan lokacin, shirin Hausa kuwa yana zuwa a sa'ar da tashar ba ta iso mana. Sai mu hau rufin gidan da nake haya, a ɗora shayi, ni kuma in manna rediyon a kunne saboda muryar ba ta fi ta sauro ba, ina fassarawa. Ina jin kaina ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Cikin masu zuwa akwai wani tsoho daga wani ƙauye bayan Agadas, da ya yi rayuwarsa yana bin ayarin gishiri kafin fari ya cinye masa raƙuma. Yana aikin ban ruwa a wata gonar dabino a unguwar Ƙurban, ya bar matarsa a gida shekara bakwai. Kunnensa ɗaya ya yi nauyi, amma ba ya fashi. Kullum zai zube mini dabino a cinya ya ce, "To ɗan lakwal, mi Nasara sunka ce yau? An ambaci namu?" In ce ba a ambata ba, ya ce alhamdu lillahi, ya sha shayinsa.

Ranar da nake magana, kwana uku ke nan da tashinsa daga wani zazzaɓi da ya kusa kai shi. Ya hau rufin yana haki yana dariya, yana tsokanar wani Bakano cewa shayinsa ruwan wanki ne. Ina riƙe da rediyo sai na ji mai sanarwa ya faɗi sunan ƙauyensu, ya faɗi sunan matar, ya ce ta rasu ranar Litinin bayan gajeriyar jinya, kuma iyalai na sanar da mijinta da ke zaune a Madina. 

Ashe sunan garin ya tsallako ya faɗa kunnensa mai kyau. Ya matso ya ce, "Kamar garinmu na ji. Mi anka ce?"

Na dubi ramammiyar fuskarsa, na dubi mutanen da ke dariya. Na ce, "Maganar rijiya ce, Baba. Gwamnati za ta haƙa muku sabuwa."

Ya tafa hannu ya ce, "Madalla! Tsohuwata ta huta da tafiyar ɗaukar ruwa."

Na gaya wa kaina gobe zan same shi shi kaɗai, in ya ƙara ƙarfi. Gobe ta zo, aka sake karanta sanarwar, na ɗan murɗa rediyon gefe na ce iska ta ɗauke tashar. Rana ta uku ma haka. Daga nan kuma sai abin ya zama ba rasuwar kaɗai zan faɗa ba, har da ƙaryata, ni kuwa ba na so a ce ɗan lakwal ya ci amana. A lokacin na kira abin tausayi. Yau da furfura a kaina na san tsoro ne, tsoron ganin dattijo yana kuka da tsoron zubewar girmana.

Da aikin hajji ya matso, sai ya zo shagona da kaset sabo fil, ya ce in ɗauki muryarsa, zai ba alhazan garinsu su kai mata. Ni na danna na'urar da hannuna. Ya gyara zama kamar tana gabansa, ya tambaye ta ciwon ƙafa, ya ce ya ji labarin rijiya, ya ce ya saya mata tasbaha da turare, ta ƙara haƙuri baɗi yana tafe in iƙamarsa, takardar izinin zama, ta fito. Ya ce, "Kullum in na shiga Harami sai na roƙa miki lahiya." Na sunkuyar da kai a kan keken ɗinki kamar ina neman zare. 

Alhazan suka iso wata huɗu bayan sanarwar. Ya roƙe ni in raka shi masaukinsu, ya saka farar rigarsa, kaset da ƙullin tsaraba a hannu. Muna shiga wani ƙanen matar ya tashi ya rungume shi ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙanta." Tsohon ya tsaya yana kallonsa. Mutumin ya ce, "Ba ka ji ba? Mun kai takarda, kwana ukku ana faɗi a rediyo. Ita ta ce a sanar da kai, tunda kana kusa da Manzo."

Bai faɗi ba, bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa, ya aje ƙullin a gefe, ya yi ta salati a hankali. Sai can ya ɗago ya neme ni da ido. Na so ƙasa ta tsage.

Muka kama hanyar komawa. Daf da masallacin Anbariyya ya tsaya ya ce, "Ita ce rijiyar?"

Na ce, "Ita ce, Baba. Na ga ba ka da lafiya, na ji tausayinka."

Ya ce, "Ɗana, mutuwa ba kai ka kawo ta ba, ba zan riƙe ka da ita ba. Amma wata huɗu ina tsaye a Rauda ina roƙa mata lahiyar ƙafa, ita ko tana kwance tana jiran in roƙa mata gafara. Abu guda ta nema gare ni, shi ka hana ta."

Na durƙusa a titi ina kuka, mutane na wucewa. Ya ce ya yafe, in tashi kada in tara masa jama'a. Ya miƙo mini kaset ɗin ya ce ba shi da wanda zai ba.

Bai sake hawa rufin nan ba. Mukan gaisa a Harami, yakan ma aiko mini da dabino, amma bai ƙara kirana ɗan lakwal ba. Bai kai baɗin da ya yi mata alkawari ba, a maƙabartar Baƙi'a muka rufe shi.

Kaset ɗin yana cikin akwatina har yau, ban taɓa sauraronsa ba. Abin da na koya shi ne saƙo ba na mai ɗaukarsa ba ne, komai ɗacinsa, kuma ba ni da ikon zaɓar wa mutum ranar da zai yi kukan matarsa. Tun daga ranar, duk sallar da na yi sai na roƙa wa wata mata da ban taɓa gani ba gafara, ina biyan wata huɗun da na ƙwace mata.