Sunan Baba a Ƙasan Allo

Shekara biyu na yi ina aiki da wani kamfanin Turawa da ke sayen albasa a wajenmu. Su ne ke ba manoma iri da taki, in albasa ta nuna su saya su adana a wani katafaren sito da suka gina tsakanin Bodinga da Shagari. Ni ne malamin gona, ni ne kuma tafinta, domin a Bodinga aka haife ni, kuma babu fadamar da ban taka ba daga Sifawa har Dandin Mahe.

Shugabarmu wata Baturiya ce doguwa, muna kiranta Madam. Ba zan ci amanarta ba, mace ce mai ƙwazo. Tana shiga gona da ƙafarta, ba ta ƙyamar taɓo. Amma gaisuwa a wurinta ɓata lokaci ce. Kana cikin tambayar mutum iyali da gajiya, ita ta riga ta ciro takarda. Kullum tana faɗa mana cewa a ƙasarsu faɗa wa mutum gaskiya ido da ido shi ne girmamawa, mu ma mu koya, mu daina ɓoye-ɓoye.

Bayan an cire albasar shekara ta biyu, sai aka turo mata sabon tsari daga babban ofishinsu na can. Za a kafa farin allo a ƙofar sito, a jera sunayen manoma, wanda ya fi samun amfani a sama, wanda ya gaza a ƙasa. Wai ta haka kowa zai ji kishi ya ƙara himma. Ta miƙo mini jerin a takarda, ta ce in rubuta da manyan baƙaƙe kafin ranar taron rabon iri.

Idona ƙasan takardar ya fara zuwa. Sunan da ke can na wani dattijo ne na Shagari, abokin mahaifina, wanda na tashi ina kira Baba. Shi ya koya mini dashen albasa tun ban san boko ba. Na kuma san abin da ya kai shi can. Wani ruwan ƙarshen damina ya ruɓar wa maƙwabtansa biyu da irin dashensu, shi kuwa ya raba nasa uku, ya ba su, ya dasa ragowar. Kwamfutar da ta fitar da jerin ba ta san wannan ba.

Abin bai yi mini daɗi ba. Amma na ce bari in fara jin ta bakin wanda ke sama, ko ni ne nake wuce gona da iri. Na hau babur na same shi a gonarsa a Dandin Mahe, na yi masa albishir cewa sunansa zai hau saman allo, na kuma faɗa masa na Baba ne a ƙasa. Mutumin nan sai da ya ajiye fartanya.

“Don Allah ka ruhwa min asiri,” in ji shi. “Mi niy yi muku? Ku sa ni bisa kowa shi gani, baki shi kama ni? Kuma da wane ido zan dubi dattijon da kunka sa ƙasa?”

To ka ji. Na sama ba ya so, na ƙasa bai ma san abin da ake shirya masa ba.

Na koma na yi wa Madam bayani dalla-dalla. Ta saurara, ta ce ita ma an taɓa sa sunanta a ƙasan irin wannan allo tana sabuwar ma'aikaciya, kuma abin ya gyara ta. Ta ƙara da cewa ai tsohon ba ya karanta boko, me zai dame shi? Nan ne raina ya ɓaci sosai. Na ce mata shi ba ya karantawa, amma surukansa biyu suna cikin manomanmu, kuma sun yi makaranta. Mutumin da surukansa ke tuɓe takalmi kafin su gaishe shi, shi za a rubuta a ƙarƙashinsu a bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwa zai tsaya ya karanta? Ta ce tsari ne na kamfani, ana yin sa a ƙasashe da yawa, ba za a canza shi saboda mutum ɗaya ba.

Ranar taro manoma sun cika inuwar sito, allo na nan fari tas. Takardar tana aljihuna a ninke. Madam ta tambaye ni a gaban kowa ina sunayen. Ban amsa mata a nan ba, domin abin da na ƙi a yi wa Baba ba zan yi mata ba. Na roƙe ta muka koma bayan motarta.

“Madam, ba zan rubuta ba,” na ce mata. “Ba yau ba, ba gobe ba. Ke kika ce mu riƙa faɗa miki gaskiya ido da ido.”

Fuskarta ta yi ja. Ta ce ko na san ma'anar abin da na faɗa. Na ce na sani sarai.

Ba a yi sati biyu ba takardar sallama ta iso. Wai na bijire wa umarni. Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Ina da mata da ’ya’ya uku, kuma aikin irin wannan ba ya zuwa sau biyu a garinmu. Matata ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa.

Abin dariyar shi ne, allon nan ba a taɓa rubuta shi ba. Mai kula da sito aka ɗora wa aikin bayana, wani mutum mai sanyin hali. Shi bai ce a'a ba ko sau ɗaya. “To, Madam, insha Allahu,” ita ce amsarsa kullum. Yau alƙalami ya bushe, gobe takardar ta ɓata, jibi yana wurin ta'aziyya. A haka har aka shiga wata shekara, maganar ta bi ruwa. Shi yana nan kan aikinsa har yau. Ni da na ɗauki darasin Madam da gaske, ni ne na tafi gida. Duk da haka, ko yau aka maido ni bayan motar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, da irin wannan murya.

Na koma fadamar mahaifina. Wata ranar kasuwar Shagari na haɗu da Baba a wurin masu buhuna. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwa mai tsawo irin wadda Madam ba ta da haƙurinta. Sannan ya ɓata fuska, ya ce ya ji labarin na bar wurin Turawa.

“Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri,” in ji shi. “Aiki mai kyau awa wanga ka yar? Mi sunka yi maka?”

Na ce babu komai, Baba, ra'ayi ne dai bai zo ɗaya ba.

Ya daɗe yana yi mini faɗa a tsakiyar kasuwa, mutane na wucewa suna kallonmu. Ya ce da mahaifina na da rai da ya ji kunya. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, ina cewa Allah ya huci zuciyarka, Baba. Da ya gama sai ya tambaye ni ko ina da irin dashe na bana, in babu in zo in ɗiba a wurinsa.