Faɗuwar da Na Ƙala wa Doki

Ni dai ban zo Amurka don in karanta wa kowa labarin doki ba. Aikin kula da tsofaffi na samu, wata ƙawata 'yar Kumasi ce ta yi mini hanya, aka tura ni gidan wani dattijo Bature can arewacin Bronx. Daga unguwarmu Soundview bas biyu nake shiga kafin in isa. Mutumin ƙasar Ayalan ne, ya haura tamanin, magini ne a da. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a wani gari mai nisa, sai ta yi tuƙin awa uku kafin ta zo. Aikina in ba shi magani, in dafa masa abinci, in tabbata bai zame a banɗaki ba. Baba nake ce masa. Shi kuwa yarinya yake ce mini, ni da na aurar da 'ya.

Ranar farko ko jakata ban ajiye ba ya tambaye ni, "Yarinya, kin iya karatu?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, aji na riƙe a firamare a Kano kafin in zo nan in riƙa wanke maka kofi."

Ya ce madalla, ya tura mini kwamfutar da 'yarsa ta haɗa masa. Ashe idanunsa ne suka yi rauni, rubutu ya gagare shi, kuma a duniya babu abin da yake so kamar sukuwar ƙasarsu, irin wadda dawaki ke gudu suna tsallake shinge. Da sanyi ake yin ta. La'asar ɗinsu hantsinmu ne, don haka tare da karin kumallo muke kallo.

Kafin a fara kowace sukuwa sai in karanta masa layin kowane doki. Layin nan 'yan lambobi ne da haruffa a gefen sunan dokin, su ne tarihin gudunsa na baya-bayan nan. Ɗaya na nufin ya zo na ɗaya, biyu na biyu. Harafin F na nufin ya faɗi a shinge, P mahayinsa ya ja linzami ya haƙura, U kuwa dokin ya yar da mahayin ya yi gaba abinsa. Baba zai lumshe ido yana saurare, ya tambayi nauyin da aka ɗora wa dokin, ya tambayi ko an yi ruwa filin ya yi taɓo, sannan ya faɗi wanda zai ci. In rubuta sunan a takarda in manna a jikin firji.

Tun a makon farko na bincika ko caca ce, don ba zan sa hannuna a ciki ba. 'Yarsa ta ce ta daɗe da karɓe katinsa na banki, takardar firji kawai ta rage masa. Maigidana da na ba shi labari ya ce in dai yi hankali, ya ga yadda idona ke ƙyalli in ina maganar.

Bai yi ƙarya ba. Mahaifina dillalin dawaki ne, cikin warin harawa na tashi. Shi kuwa bai taɓa tambayar abin da doki ya yi bara ba. Haƙori yake dubawa, da ƙirji, da launi, da inda fari ya sauka a ƙafa. Akwai dokin da ko kyauta aka ba shi ba zai bari ya kwana a gidanmu ba, wato mai fari a ƙafar gaba ta hagu ita kaɗai. Yakan ce irinsa lafiya lau za ku zauna, sai ranar da ka fi bukatarsa zai kai ka ƙasa. Da wannan ilimin na shiga gardama da Baba. Shi ya zaɓa da layi, ni in jira a zagayo da dawakin a talabijin in zaɓa da ido. In faɗi gaskiya, kullum shi yake kayar da ni. Sau ɗaya wani hurde, mai dabbare-dabbare, da na nuna ya ci, na yi wata guda ina masa gori.

A shekara ta biyu abubuwa suka fara zame masa. Ya bar butar shayi a wuta har gindinta ya ƙone. Ya kira 'yarsa da sunan mahaifiyarta a waya. Wata Lahadi da ba na nan ya fita da silifas cikin ƙanƙara zai sayo jarida a shagon da aka daɗe da rufewa, maƙwabciya ce ta dawo da shi. Daga nan 'yar ta fara maganar gidan kula da tsofaffi. Ban ga laifinta ba, tsoro take ji. Amma gidan nan da hannunsa ya gina matakalarsa da bangon kicin, kuma a ɗakin da yake kwana matarsa ta cika. Na san in aka fitar da shi ba zai kai wani sanyin ba.

A watan Maris suke da babban makon sukuwarsu, wanda Baba ke jira kamar yadda muke jiran Sallah. A makon ne 'yar ta ce za ta ɗauki hutu ta zo ta wuni da shi. Ana gobe za ta zo, ina yanka masa farce, ya ɗora yatsa a goshinsa ya ce, "Gobe za ta zo ta duba ko har yanzu akwai mutum a cikin nan."

Na ce, "Akwai, Baba. Har da mai taurin kai."

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai dokin da ya daɗe yana bibiya, gobe zai yi gudu, in ya faɗi sunansa a gabanta kuma dokin ya ci, za ta gane kansa na nan. Na nemo hoton dokin don in ga wanda muka jingina da shi. Ja ne, kyakkyawa, ƙirji kamar ƙofar zaure, ga fari tas a ƙafar gaba ta hagu, sauran ukun ko ɗigo babu.

Duk hanyar komawa gida a bas ina tunani. In na ce masa ƙafa ce matsalar, dariya zai yi mini, ya saba. Abu ɗaya yake ji, shi ne layi. To layin a bakin wa yake? A bakina. Na gaya wa kaina ba ƙarya zan yi ba, ceto zan yi. Wallahi haka na tsara wa kaina har na yarda.

Washegari 'yar ta iso da hantsi, da babbar ambulan a hannu. Ta ajiye ta a kan tebur kusa da man shanu, kowa ya yi kamar bai gani ba. Na zuba shayi, na zauna na fara karatu da muryar aji. Doki na farko, na biyu, na uku. Da na iso kan jan dokin, layinsa uku ne, ɗaya, ɗaya, biyu. Na gyara murya na ce, "Uku, ɗaya, ɗaya, F."

Baba ya buɗe ido. "Sake karantawa."

"F, Baba. Ya faɗi a gudunsa na ƙarshe. Ga wani baƙi nan a ƙasansa, layinsa ya yi kyau."

Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Dokin nan bai taɓa faɗuwa ba tunda aka haife shi. Gudunsa na ƙarshe a ƙarshen Janairu ne, an kwana ana ruwa, filin ya yi taɓo, an ɗora masa nauyi fiye da kowa, duk da haka da tsawon wuya kawai aka wuce shi. Na biyu ya zo. Ke kika karanta mini. Ranar ce kika ƙona mini fate kina faɗa da ƙanwarki a waya kan atamfar biki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Maganar atamfar nan ko maigidana bai sani ba, kuma da Hausa muka yi faɗan. Daga baya ne na tuna ni da bakina na fassara wa Baba, don ya ba ni gaskiya.

'Yar ta ɗauko wayarta ta duba, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dubi mahaifinta. Ta tambaye shi gudun da ya gabaci wancan. Ya faɗa mata filin, ya faɗa mata wanda ya hau, har da shingen da dokin ya ɗan taɓa da ƙafar baya. Ta sake dubawa. Sai ta juyo kaina, cikin ladabi kuwa, ta ce ko dai idona ne yake bukatar tabarau?

Ga ƙofar fita an buɗe mini, in ce e shi ke nan. Amma ni, a ce ban iya bambanta biyu da F ba? Girman kai ya hana ni. Na gyara ɗaurin ɗankwali na zayyana musu komai, da mahaifina, da harawa, da farin ƙafar hagu. Matar nan da digirinta biyu ta zauna tana saurarona baki buɗe. Baba kuwa cewa ya yi, "Rubuta sunansa ki manna, yarinya. Kuma ki rubuta daidai."

Na rubuta, na manna, aka saki dawaki.

Jan dokin nan ya yi gudu kamar ya san ana maganarsa. Shinge bayan shinge yana gaba, ko taɓawa ba ya yi. Baba ba ya ganin komai sai inuwa, muryar mai sharhi yake bi, yana dukan hannun kujera. 'Yar ta miƙe tsaye. Ni ma na sami kaina ina cewa Allah ya raba mu da kunya, har na fara neman afuwar dokin a zuciyata. Suka iso shingen ƙarshe, tazarar da ya bayar ta kai tsawon bas. Ya tashi lafiya, ya sauka, ƙafar gaba ta ɗan turguɗe, mahayin ya wuce ta saman kunnuwansa ya zauna daɓas a taɓo. Dokin ya ƙarasa shi kaɗai, ya riga kowa isa, ba kowa a bayansa.

Na san kamata ya yi in yi shiru. Na ƙirga har uku, na kasa. Na ce, "Ƙafar hagu ce, Baba. Na gani da idona."

Dariya ta kama shi har ta koma tari, sai da na bubbuga masa baya na ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce ai U ne wannan ba F ba, don haka har yanzu ƙarya na yi. 'Yar tana dariya tana share ido da bayan hannu, ban tambaye ta na mene ne ba. Ni dai tausayinsu su biyu ya cika ni, da kunyar kaina.

Aka fara zagayo da dawakin sukuwa ta gaba. 'Yar ta jawo kujera kusa da shi ta ce wannan karon ita za ta karanta, tunda malamar gidan ba abin yarda ba ce. Ta karanta, ya lumshe ido, ya tambayi nauyi, ya zaɓa. Sannan ya juyo inda yake jin motsina ya ce, "Duba mana ƙafafunsa." Na duba na ce babu fari ko ɗaya.

Ta nemi takardar rubuta sunan, tawa ta ƙare. Ta duba tebur, ta jawo ambulan ɗin nan, ta zaro takardar gidan tsofaffin mai hoton lambu da kujeru, ta kifa ta, ta rubuta sunan dokin a bayanta. Ita da kanta ta tashi ta manna a firji.

Dokin da Baba ya zaɓa na huɗu ya zo. Baba ya ƙara sanyi biyu a kujerarsa, an ƙaro masa mai kwana da shi da mai zuwa Lahadi, kuma a ɗakinsa ya cika. Ranar da muka kwashe kayan gidan takardar tana nan a jikin firji, hoton lambun na kallon ƙofar, ba wanda ya taɓa juyo da shi.