Kalmar da ta ɓace wa Baba

Mahaifina malamin Turanci ne a wata sakandare a Samaru, kuma ba abin da yake so kamar bin salsalar kalma. Ko tuwo muke ci, sai ya ajiye loma ya faɗa mana inda wata kalma ta samo asali.

Ina jami'a hawan jini ya kayar da shi, aka kwantar da shi a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. Wata Lahadi na dawo daga coci na tarar ya ɗan samu sauƙi.

Ya ce, "'Yata, kin san asibiti ba Hausa ba ce? Hospital muka lanƙwasa. Turawan Ingila ma wurin Faransawa suka aro ta, su kuma suka gada daga harshen Latin. A can tana nufin baƙo, wato..."

Sai ya tsaya. Kalmar Latin ɗin ta ɓace masa. Ya yi ta motsa leɓe yana kallon silin, har hawaye ya gangaro masa kunne. Mama ta juya baya tana gyara kwanukan da ba sa bukatar gyara.

Washegari na dubo ta a ƙamus na kawo masa: hospes. Ya maimaita a hankali, ya ce bai taɓa jin ta ba.

Da damina muka mai da shi gidanmu a unguwar Hanwa. Tsofaffin ɗalibansa sukan zo gaisuwa, Mama na raɗa masa sunayensu. Kafin Kirsimeti ya rasu.