Jirgin da Ya Haye Kogi ta Kan Gada

Shekarar da ruwan kogin Isa ya janye har rairayi ya fito a ƙarƙashin gadar Gaweye a Yamai, surukina ya ce zai tafi su ƙasar Benin. Basarke ne, masunci, a kan ruwa ya tsufa, idanunsa kuma sun fara hazo. Akwai wani gurbi bayan Malanbil inda ya yi su yana saurayi, yana so ya sake jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, a wurin kafin ganinsa ya ƙare. Kogi ba ya biyuwa, duwatsu sun tare hanya. Jirgin wani kuma ya ce ba zai taka ba, sai nasa. Ni a lokacin ina kula da ɗakin ajiya a wani biro, wato ofis, a unguwar Filato. Matata ta ce in raka mahaifinta, na amsa, ko da yake akwai kunya tsakanina da shi, magana ba ta cika haɗa mu ba.

Na fara da takardu, na nemo kamiyo, babbar motar kaya, a tashar Wadata, sannan na tara majiya ƙarfi suka ɗora jirgin, hancinsa ya zarce bayan mota. Da aka ɗaure, tsohon ya shimfiɗa buhunan algarara a cikinsa, ya sa aka yi ta ɗebo ruwan kogi ana zubawa har ya kai idon sawu. A nan ya yi mini bayani, bai dube ni ba. Jirgin katako in ya bar ruwa ya sha rana, katakon yana tsukewa, haɗin allunan ya buɗe. In ya buɗe kaɗan zai koma. In ya wuce kima, jirgi ya zama itacen girki. Direba yana can wajen mai shayi, bai ji wannan ba.

Ni da tsohon a baya muka zauna, gefen jirgin. Da muka bar Yamai sai ruwan ya fara magana. Mota ta karkata, ya gangara can, ta miƙe, ya dawo, yana bugun katako kamar yadda yake yi a bakin gaɓa. Ko'ina ka duba jar ƙasa ce da busasshiyar sabara, amma kunnena kogi yake ji. Sararin sama ya kwanta a cikin jirgin yana rawa, wani lokaci reshen gawo ya ratsa ta ciki ya wuce. Tsohon ya saka hannu ɗaya a ruwan, ya lumshe ido, leɓɓansa suna motsi. Na yi gyangyaɗi, na ga kamar titin ne ke gudana, mu kuma muna tsaye a tsakiyarsa.

A Dosso muka sauka cin abinci. Direba ya ce mu yi gaba zai duba tayoyi. Da muka dawo sai ga buhunan nan a shanye jikin ƙarafan mota, ƙasa ta jiƙe baƙi ƙirin, shi kuma yana tsaye yana share gumi.

"Baba, na yi maka gyara," in ji shi. "Ashe jirginka cike yake da ruwa, tun daga gida nake jin motar tana rinjaya. Na kwarfe shi tas. Da haka ka shiga kogi ai da mun yi ta nemanka."

Tsohon ya leƙa cikin jirgin, ya daɗe.

"Da hannunka, ɗana?"

"Da hannuna, Baba, ko taimako ban nema ba."

"Sannu da aiki. Uwarka in ta jiƙa gero za ta yi fura, kai kake bi kana tsane mata?"

Na yi wa direban bayani a tsanake, na ga fuskarsa ta faɗi. Famfon tashar ba ya zuba. Bido biyu, jarkokin ruwa, muka samu, muka jiƙa buhunan muka mayar, katakon ya shanye kafin mu gama ɗaure igiya. Tsohon ya ce a ja mota, ruwa yana gaba.

Rana tana tsaka muka iso Gaya, bakin iyaka. Layin manyan motoci ya miƙe har inda ido ya tsaya, yawanci albasa suka ɗauko, warinta ya cika iska. Mota ba ta barin layi, in ta bari ta koma ƙarshe. Daga inda muke ana hango kogin yana walƙiya can ƙasa, ba halin zuwa da jirgi. Buhunan suka bushe suka sandare. Sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an karya tsinke. Can kuma wata. Na durƙusa na duba, na ga zaren haske yana ratsowa tsakanin alluna biyu wajen gindin jirgin.

Tsohon ya ɗauko butar alwalarsa ya fara bin haɗin yana ɗiga ruwa. Direban motar da ke bayanmu ya leƙo.

"Baba, dashe kake yi? In ya tsiro ka ajiye mini iri."

"Zan ajiye maka. Kawo ruwan da ke ƙarƙashin motarka tukuna."

Ya yi dariya, amma ya kawo. Direbanmu kuwa bai tsaya ba, ya yi ta bin layi mota-mota yana ba da labarin abin da ya aikata, ana yi masa tsiya, ana miƙo bido. Wata mai tuwo ta aiko da ruwan wanke-wankenta. Na tsaya a saman mota ina karɓa, na tsara aikin: gindi tukuna inda ya buɗe, sai tsakiya, hanci a ƙarshe. Ruwan yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa, yana ɗiga a kan titi.

Da layi ya zo kanmu ɗan duwan, jami'in kwastan, ya karɓi takardu, ya zagaya motar.

"Na sayarwa ne, Baba?"

"Kai kana sayar da ƙafarka?"

Ya yi murmushi, ya saka yatsa a tsagar, ya tambayi tsohon wani abu da Zabarmanci, suka ɗan yi magana ƙasa-ƙasa. Ya buga hatimi ya ɗaga hannu.

A hankali muka hau gadar. Tsohon ya shiga cikin jirgin ya zauna inda yake zama kullum, ya ɗora filafilin tuƙi a kan gwiwa. Kogin yana ƙarƙashinmu, faɗinsa ya fi na Yamai, kore-kore, da ƙananan jirage kamar ganyen da aka watsa. Inuwar namu jirgin ta faɗa kan ruwan tana tafiya tare da mu, ba mai tuƙa ta. Wasu masunta suka ɗaga kai suna kallon jirgi yana wucewa ta samansu da mutum a ciki. Ɗaya ya ɗaga filafilinsa, tsohon ya ɗaga nasa.

A ɗaya gefen aka sake duba mu, sannan muka gangara gaɓa. Sarkawan wurin suka kama aka sauke jirgin, aka loda masa duwatsu, aka nutsar da shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, don katako ya sha ya kumbura. Tsohon ya zauna a bakin ruwa yana kallon inda jirgin yake kwance, ƙananan kifaye suna shiga suna fita. Bai ci abin kirki ba har ranar da ya ce a fito da shi.

Muka kwashe duwatsun, muka kwarfe. Duk haɗin ya kame, sai na gindin. Tsohon ya cusa masa tsumma da bakin wuƙa, ya danna, ya jira. Ruwa ya tsattsafo siriri, ya taru a ƙarƙashin tafinsa.

"Zai kai mu," in ji shi, ya miƙo mini ƙoƙo. "Nan ne wurinka. Kada ka tsaya."

Da sassafe muka tura. Ban taɓa igiya ba, ban riƙe filafili ba a duk zaman da muka yi. Ina ɗiba ina zubarwa, ƙugu a sunkuye, abin da nake gani shi ne katako da ƙafafunsa. Da muka isa gurbin na ji ya miƙe tsaye, jirgin ya yi rawa ya daidaita. Na ɗaga kai daidai lokacin da birgin ya bar hannunsa ya buɗe a sama, ya sauka a kan ruwa ba ƙara. Ruwa ya taɓa mini ɗan yatsan ƙafa, na sunkuya na ci gaba da kwarfa.