Gidan da Ba a Cin Burodi da Zafinsa

Duk wanda ya bi ta layin nan da hantsi, sai ya rage tafiya in ya zo daidai gidan tela. Ƙamshin burodi ne ke tare mutum, irin wanda aka fitar daga wuta yanzu-yanzu. Masu kawo ɗinki kan zauna a bencin shago suna haɗiyar yawu, su ce, "Tela, kai dai ka more! Kullum burodi da zafinsa." Shi kuwa sai ya yi yaƙe, ya ƙara taka kekensa da ƙarfi. Me zai ce musu? Ya ma manta rabon da burodi mai zafi ya shiga bakinsa a gidan nan.

Matarsa ce sanadi. Tanadi ake ce mata. Shi ya laƙaba mata sunan don tsokana, sunan kuwa ya bi ta har ya danne na yanka. Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, bayan hannunta duk tabon ƙuna, kuma ba ta ɗaukar wargi a kan abinci.

Tana da dalilinta. Shekarar da ta yaye babbar 'yarsu, an yi wani ruwa da ya cinye gadar da ta haɗa unguwar da sauran gari. Tela ya tafi sayen yadi, ruwan ya tare shi a can tsallake. Kantuna suka ƙare tas. Ita kuma a lokacin mai sayen na yau da yau ce, ba ta da komai a ɗaki sai gishiri da ashana. Da kukan yarinya ya ishe ta, ta goya ta, ta cire kunya ta je ta buga ƙofar maƙwabciya. Ta taga ta hango matar tana tura kwano ƙarƙashin gado da ƙafa, sannan ta buɗe ta ce, "Wallahi mu ma babu." Tanadi ta dawo gida, yarinya na kuka a bayanta har muryar ta dishe. An gyara gada, tela ya dawo, kowa ya manta. Ita ba ta manta ba. Ta rantse ba za ta sake tsayawa ƙofar wani da yaro a baya ba.

Mai walda ya ƙera mata tanderu daga tsohon duro, ta kafa shi a kusurwar tsakar gida. Da sassafe take kwaɓi: fulawa, gishiri, ɗan sukari, yis, ruwa mai ɗumi. Ta murza har kafaɗunta su yi tsami, ta rufe da ƙyalle ta bar shi ya tashi. In ya gasu ba ta ɗanɗanawa, ƙwanƙwasa gindinsa take yi da yatsa, in ya amsa kamar ganga ta san ya yi. Daga nan sai abin da ke ci wa tela rai. Ta bar shi ya huce, ta yayyanka shi fale-fale, ta mayar kan sauran wuta har ya bushe ƙamas, ta jera a manyan gwangwanayen madara ta danne murfi.

Gwangwanayen na kan wata doguwar kanta a ɗakin ajiya. Sabo yana shiga ta dama, ana ɗauka ta hagu. Kafin gwangwani ya gama tafiyarsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wata ya kama ya mutu, wani ma ya bi bayansa. Wato abin da aka gasa yau, sai an manta da ranar gasa shi za a ci.

"Tanadi, don Allah, guda ɗaya," in ji tela, yana leƙowa ta ƙofar shago da tef ɗin awo a wuya. "Ki ƙara kwaɓin kaɗan, a ci guda ɗaya da zafinsa. Me zai ragu?"

"Malam, in ka ci na yau, wa zai ci na hagu?"

"Sai a ci duka biyun."

"Ciki nawa gare ka? Bakin da ya ɗanɗana mai zafi ba ya komawa gwangwani. Na gani da idona."

Ta gani kuwa. Lokacin da ta haifi autansu ta kwanta jinya, ƙanwarta ta riƙe gidan, aka yi ta wadaƙa da burodi mai zafi kamar ba gobe. Da ta miƙe ta shiga ɗakin ajiya, ta tarar rabin kantar ya yi warin tsohon mai, ƙwari na yawo a ciki. Tana zuba wa kaji tana hawaye. Tun daga ranar dokar ta zama ba sassauci, kuma a kanta ta fi tsananta ta. Ko ɓawon da ya maƙale a farantin gashi, kankare shi take yi ta jefa cikin gwangwani.

Abin da ke ƙona mata rai shi ne, ita ke tashi, ita ke murza, ita ke shan hayaƙi, amma ita ce muguwar gidan. 'Ya'yanta sun girma suna ɓoye busasshen burodi a jakar makaranta don kada a yi musu dariya. Jikoki in sun zo sai su miƙa hannu su ce, "Kaka, a ba mu dutse." Ta ce, "Dutsen nan ne ya raini uwarku, marasa kunya." Akwai lokacin da fulawa ta yi wuya, gidajen burodi suka rufe, ita ta bi layin nan gida-gida da gwangwani a kai, har gidan waccan maƙwabciyar mai tura kwano. An ci, an sa albarka. Fulawa na dawowa aka koma ce mata mai burodin ƙarya haƙori. Mutane ke nan.

Wata rana tana wanki ta lalubo leda a aljihun rigar tela. Ledar burodin kanti ce, an naɗe ta tsaf, da ɗan ɓurɓushi a ciki. Ta tsaya da kumfa a hannu, haushi ya turnuƙe ta. Ba ta jira masu ɗinki sun watse ba.

"Burodin kanti, Malam? Ina nan ina ƙona hannu, kai kana can kana zubar mini da mutunci a gaban mai kanti?"

Tela ya cire tabarau ya goge. "Laushi na je nema, Tanadi. Haƙorana sun gaji."

"Ba ga shayi ba? Ka jiƙa mana!"

"Tun ina da baƙin gashi nake jiƙawa. Ni kaina na jiƙu." Masu ɗinki suka ƙyalƙyale da dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce, "Kuma ko daɗi babu, iska ce kawai a leda. Naki nake so. Kullum ina jin ƙamshinsa ta ƙofar nan kamar maƙwabci."

Maganar ta taɓa ta, don ba dutse ba ce. Amma ta tuna warin tsohon mai, ta tuna muryar da ta dishe a bayanta, ta sha mur. "In na mutu ku cinye har tanderun," ta ce, ta koma kan wankinta.

Sai dai ba ita ciwo ya kayar ba. Wani hantsi tana yanka burodi ta ji keken ɗinki ya tsaya ana tsakiyar aiki, irin tsayawar da bai taɓa yi ba. Ta saurara, shiru. Ta leƙa ta same shi ya kife a kan yadin mutane, bakinsa ya karkace.

Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma gurnani, haɗiya kuma ta zama aiki. Babbar 'yar, wadda aka goya ranar ruwa, yanzu nas ce, ita ta dawo gida ta kafa tata dokar. "Umma, ba ya iya taunawa, kuma abu kaɗan zai shaƙe shi. Sai mai ruwa-ruwa, wanda ba gudaji." Ta buɗe gwangwanin hagu, ta daka busasshen burodi ya zama gari, ta dama da madara mai ɗumi. Ya yi sumul. Ta ce, "Kin ga wannan? Ko a asibiti sai haka."

Maƙwabta masu zuwa dubiya suka yi ta jinjina kai. "Kin ga ranar tanadi! Ashe ke kika san abin da kike yi." Tanadi ta jira jin daɗin da ta daɗe tana jira, bai zo ba. Domin tela ya ƙi ci.

In ta kawo cokali sai ya datse baki ya juya fuska bango. A ba shi ruwa ya sha, a ba shi magani ya haɗiye da ƙyar, amma da ya shinshino abin da ke cikin kofin nan sai ya rufe ido. An canza masa wannan, an canza wancan, ya lasa ya ture. Mutum na ramewa a gaban idonta, wuyan rigarsa na ƙara faɗi. 'Yar ta ja ta gefe ta ce in ya ci gaba a haka, sai an mayar da shi an zura masa roba ta hanci.

"Malam, kashe kanka za ka yi don ka ba ni haushi?" Ta dangwarar da kofin. "To na ji haushin! Ga shi na ji. Buɗe bakin."

Ya kalli bango.

Ta fita tsakar gida ta zauna kan turmi tana huci. Ga ɗaki cike da abinci, ga ranar da ta yi wa tanadi ta zo, ga mutumin ya ƙi buɗe baki. Ta rasa wanda za ta zaga.

Tun faɗuwarsa ba ta hura tanderu ba, kantar gwangwanaye kuma ta fara yin giɓi ta dama. Giɓin nan ya hana ta sukuni. Da sassafe ta tashi ta yi kwaɓi, ta murza shi kamar shi ya yi mata laifi. Hantsi na yi ƙamshi ya cika gida. Tana fitar da na farko ta ji ana bugun katakon gado, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta sheƙa a guje da burodin a ƙyalle, a zatonta faɗowa ya yi.

Yana kwance, ya juyo daga bango. Idonsa na kan hannunta.

Ta dubi burodin, ta dube shi. Kafin ta san me take yi, ta kama shi ta ɓara biyu, tururi ya tashi. Ta gutsuro tsakiyar, wajen laushin, ta nufi bakinsa.

"Umma, a'a!" 'Yar ta riƙe mata hannu daga baya. "Mai laushin nan shi ya fi haɗari. Dunƙulewa yake yi ya toshe maƙogwaro. Ba zai iya ba."

"Yau kaɗai ne ba zai iya ba?"

'Yar ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Umma. Wataƙila ba yau kaɗai ba."

Tanadi ta tsaya da loma a hannu, tana ƙona mata yatsa. Guda ɗaya ya roƙa. Tun yana da haƙoransa cif, tun yana leƙowa da tef a wuya, guda ɗaya kacal. 

Tela ya miƙo hannunsa mai lafiya. Ta ɗora masa ɓarin burodin a tafin hannu. Ya ja shi zuwa hancinsa, ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Sannan ya buɗe ido, ya nuna lomar da ke hannunta da haɓa, ya nuna bakinta.

"Ni? Ni ba na…"

Ya bugi katakon gado da gwiwar hannu.

Ta zauna a bakin gadon, ta sa lomar a baki don dai a zauna lafiya. Ta tauna sau ɗaya ta tsaya. Laushi, ɗumi, ɗan gishiri-gishiri, da wani zaƙi can ƙasa da ba ta san daga hannunta yake fitowa ba. Ta gutsuro ɓawon, ya yi ƙaras a bakinta. Hawaye suka zubo mata, ita kuma haushinsu take ji, tana share su da bayan hannu tana ci.

"Ashe haka yake?" ta ce, baki cike. Ta juyo ta harare shi. "Malam, ashe haka yake, shi ne ba ka taɓa gaya mini ba?"

Rabin fuskar tela ya motsa. Kafaɗarsa ta hagu ta shiga rawa, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, har 'yar ta matso a tsorace kafin ta gane dariya yake yi. Da ta lafa, ya gyara riƙon burodinsa a gindin hanci, ya dubi kofin da ke kan kujera, ya buɗe baki.

Tanadi ta ɗauki cokali. Ta ɗebo damun burodin gwangwanin hagu daga kofin, ta ba shi.