Malam Lurwanu, Mai Tsaron Launin Zanen Sin

Kullum da hantsi Malam Lurwanu zai fito daga unguwar Hindawiyya ta Makka da 'yar na'urar auna haske a aljihu, ya nufi wani ƙaramin gidan tarihi inda ake ajiye kyaututtukan alhazan da. Shekara talatin da ɗaya yana kula da fitilun wurin. A watan nan ya yi ritaya, ni kuwa na ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

A ɗakin ƙarshe akwai zanen duwatsu da furanni a kan siliki, wanda wani alhajin ƙasar Sin ya bari. Shuɗinsa garin dutse ne, jan furannin kuwa daga tsiro aka tatso shi. Lurwanu ne ya lura cewa fitila mai ruwan ɗorawa tana dusashe shuɗin a ido, mai ƙarfi kuma tana cinye jan a hankali, kuma ba ya dawowa.

To, kun san halinmu a Makka: in baƙo zai zo sai an kunna duk fitilun gida, kada ya ce an raina shi. Da aka ce Sinawa masu umara za su kawo ziyara, Alhaji Hatim mai gidan ya ce a kafa manyan fitilu huɗu a kan zanen, a bar su dindindin.

"Ya ammi, babana, ka yi haƙuri, ba zan kafa ba," in ji Lurwanu. "Furannin nan za su koɗe."

"To ajiye makullin, halas, aikinka ya ƙare!"

Ya ajiye, alhali da aikin nan yake ciyar da mutum bakwai. Kafin a samo wani mai gyara da zai kafa fitilun, baƙin suka iso. Wata tsohuwa cikinsu ta daɗe tsaye gaban zanen a haskensa mai laushi. Ta bakin tafinta ta ce akwai irinsa a garinsu, amma haske ya cinye furanninsa tas. Ta tambaya, "Wa ke kula da wannan?"

Alhaji Hatim ya aika a kira Lurwanu. Can ya ɗauko makullin ya damƙa wa Lurwanu a gaban kowa, ya ce, "Ga shi nan."

Kai ne, Lurwanu, mai amana, ka yarda ka rasa abincinka don kayan wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba. Raina fari ƙal da na san ka. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma ma'aikata, ku je ku ga furannin nan, har yau jajaye ne, sannan kowa ya koma ya riƙe abin da aka ba shi tsaro haka.