Baba Mai Almakashi da Furen Gwaggo

Kafin masu gidajen layinmu su buɗe ƙofa, Baba Mai Almakashi ya riga ya iso, butar ban-ruwa a hannu, yana gaida shuke-shuke ɗaya bayan ɗaya kamar surukansa. Mai lambunmu ke nan. Yau gwiwa ta ce ya huta, mu kuwa ba za mu bar shi ya tafi shiru ba.

In ya ga fure ya dusashe, bakinsa ya fara naɗewa, sai ka ji ƙyas, ya datse shi. Mun sha tsokanarsa da rashin imani. Sai ya yi dariya ya ce, "Ado don ƙudan zuma ake yinsa. Da zarar sun zo sun tafi, uwar shukar sai ta janye ruwanta daga furen, ta koma rainon iri. In ka cire tsohon, ta sake sabo."

Gwaggo ta gidan ƙarshe ce kawai ta hana shi. Marigayi mijinta ne ya dasa furen bakin tagarta, kuma tun da ya rasu ko busasshe ba ta yarda a taɓa. Shukar ta cika da ƙwallayen iri, ta daina fure ƙaf. Gwaggo ta shiga cewa shukar ma bin marigayin za ta yi, har ita kanta ta rage cin abinci.

Baba bai yi gardama ba. Kullum sai ya zo ya zuba ruwa, ya zauna su yi hira. Wata safiya ya ce, "Gwaggo, mai gidan nan da kansa yake datsewa, ni na sha ara masa almakashi. Shukar ba mutuwa take ba, aiki ne ya yi mata yawa."

Ta miƙa hannu wajen almakashin. Sannan ta ce, "Miƙo nan, ɗan nema. Hannunka ba zai taɓa ba."

Ita ta datse, tana yi tana share hawaye. Kafin wata ya zagayo, jajayen furanni sun rufe tagar.

Kai ne mai haƙurin da ya san lokacin yanka da lokacin jira, Baba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi wannan hannu.

Almakashin kuwa ba ya cikin kayan da ya tattara jiya. Gwaggo ta ce ta riƙe, furenta ya kusa sake yin yaushi.